Kanun Tallar Albasa

A rumfarsa ta Aliero Kawu Nomau ya miƙo mini waya,
ya ce, "Rubuta a sama:
Ja mai sa jarumi hawaye,
amaryar miya, 'yar fadama."

Na ce, "Kawu, kirari ya yi daɗi,
amma wa zai nemi amarya
ya tarar da buhu?
Injin binciken nan ba ya jin take.
Abin da mai nema ya latsa
shi yake bi, kamar akuya ta hango dusa."

Muka zauna tsintar kalmomi
kamar masu fidda tsakuwa a shinkafa.
Albasa. Aliero. Buhu. Sari.
Na jera su gaba,
sunan Kawu na kai shi wutsiya.

Ya ɓata rai. "Shekara talatin ina ban ruwa,
sai a sa ni bayan buhu?"

Ran Laraba waya ta yi ƙara,
wani daga Anacha, buhu arba'in.
Kawu ya toshe bakin wayar da tafin hannu,
ya raɗa mini:
"Ƙara busasshiya.
Amma ranar da ya zo,
kirarin nan sai ya ji shi da kunnensa."