Allura Ma Ta Huta

Daren Asabar a Unguwar Rukuba,
sun ɗauke wuta tun ƙarfe tara.
Na jingine tocila a bakin taga,
ƙafata na taka keke, idona na yaji.
Saura riga bakwai na Zumuntar Mata
da wandon ɗan Mancha mai shiga baftisma.
Kowa ya leƙo sai ya ce, "Tela, gobe fa."
Gobe ba ta da ƙafa, amma ita ke kora ta.

Sai da zakaran gidan Dalyop ya yi cara
na cije zaren ƙarshe.
Na ɗauko tsohon zanen uwata Kaneng,
wanda ya koɗe har furanninsa suka ɓace,
na lulluɓe keken kamar mai zazzaɓi.
Kwanta, na ce masa,
ranar nan ba taka ba ce, ba tawa ba.

Ubana ya haƙa kuza a bayan Bukuru,
shekara ashirin da biyu yana wanke ƙasa
har sanyin tafki ya zauna masa a gwiwa.
Amma ran Lahadi, ko da buhun kuɗi ka zo,
diga na bayan ƙofa, kwano a kife.
Yakan ce, "Wanda ya shimfiɗa sama ba dogari
ya ajiye aiki a rana ta bakwai,
balle ni, mai ciwon baya."

Shi bai san waya a aljihu ba.
Ƙarfe bakwai tawa ta yi kuka:
zif ɗin Nanret ya tsage, kuma ita ce mai ba da waƙa.
"Minti biyar kawai, zan ninka maka."
Takardar kuɗin makarantar Yop
tana harara ta daga jikin bango.
Na ɗinke da hannu, a tsaye, a bakin ƙofa.
Ban yaye zanen ba, ban karɓi kwabo ba.
Har yanzu ban sani ba
ko karya ranar na yi, ko cika ta.

A majami'a na ga aikina ya miƙe tsaye,
shuɗi da fari, layi bayan layi,
tulu na amsa wa caki.
Ga ɗinkin da ya karkace a kafaɗar Ngo Garos,
ni da Allah kaɗai muka san da shi.
Ba wanda ya tambaye ni yadi nawa.
Nan ba a auna mutum da tef.

Fasto ya kai mu bakin kabari da asuba,
dutse a gefe, ciki wayam.
Wasu suka ji mala'ika, ni likkafani na gani,
a naɗe, a ajiye,
tufar da mai ita ya gama da ita har abada.
Ashe makon namu ba da diga ya fara ba,
da aikin da wani ya riga ya gama ya fara.

Daga nan ban ƙara jin komai ba.
Kaina ya sunkuya, ba don addu'a ba.
Mai tsaron layi ya taho zai taɓa ni,
sai na ji muryar Ngo Garos kamar daga rijiya:
"Ƙyale shi.
Rigar nan da ke jikina, barcinsa ce."

Da rana muka sha gwaten acca a tsakar gida,
ba mai duba agogo.
Yop ta kirga mini furfura, ta kai tara ta gaji.
Duwatsun Shere na nan inda suke,
ba ni na riƙe su ba,
kuma ba su faɗi ba don na saki hannu.

Litinin na zuwa da yadinta a hammata, na sani.
Bari ta ƙwanƙwasa.
Yau allura na kwance a cikin gwangwani,
idonta ɗaya a buɗe, babu zare,
haske kawai ke wucewa ta ciki.