Zare da Nama

Shekara talatin ina ɗinki a Domayo, cikin Marwa,
na san yadin da ke riƙe zare,
na san wanda allura na ratsa shi sai ya yage.
Ban san naman mutum ma haka yake ba.

Ranar Talata aka yi wa Inna Dudu aiki.
Likita ya ɗinke cikin tsaf, ko ni ban fi shi hannu ba.
Kwana tara, bakin ciwon ya buɗe
kamar gefen tsohon zane.
Ya ce, "Ba laifin zare ba ne, malam tela,
jikin ne ba shi da abin kamawa."

Sai na tuna, tun damina
kunu zalla take sha.
Ta ture nama ta ce haƙora,
ta ture ƙwai ta ce na jikoki ne,
mu kuwa muna ci, muna yabon kawaicinta.
Zobenta ya koma babban yatsa, ba wanda ya lura.

Yanzu kullum ina tsallaka yashin Kaliyawo da kwano:
wake, kifin Maga, zogale da ƙuli.
Ina ba ta a baki, tana harara ta.

Jiya nas Astajam ta dubi tumbina,
ta ɗaura mini abin awo a damtse, ta matsa,
ta yi shiru.
"Kai kuma jininka ya hau. Rage gishiri, rage kitse."

Inna ta yi dariya har ta dafe ɗinkinta:
"Naman da na bar maka ne.
Dawo mini da abina."