Haruffa Bakwai

Ni ne mai yanka tike a kasuwar Tawa,
wanda in an hango shi ake kawar da kai.
Dala goma ga tabarma, dala ashirin ga rumfa,
akuya in ta sauya igiya, ita ma da nata.
Shekara goma sha ɗaya jakata na cika da hantsi,
la'asar a zazzage ta a teburin ma'aji,
in koma gida da warin albasa a riga.

Ran da majalisar gari ta zauna kan maganar
ina bakin taga, na zo kai lissafi.
Aka ce a tsai da ginshiƙi a mararrabar unguwa
don mutum bakwai da rijiya ta rufta da su
tun garin bai san famfo ba.
Hannu goma sha huɗu suka tashi, uku suka noƙe.
Magatakarda ya rubuta: miliyan biyu.
Ban ce uffan ba. Na bakwai ɗin kakana ne.

Miliyan biyu a takarda ruwan mafarki ne,
ka sha, ka sha, ka farka da ƙishi.
Shekarar farko motar shara ta ci rabi,
tayu huɗu da wani ƙarfe a cikinta.
Ban ga laifinsu ba, juji ya kai ƙofar asibiti.
Ta biyu, damina ta ɗauke kwalbatin hanyar mahauta,
matattu kuwa ba sa zuwa ofis su buga tebur.
"Baɗi," in ji magajin gari. Baɗi ta zo, ta ce baɗi.

Sai ƴan Adar da ke ci-rani a Abijan
suka zagaya da hula, suka aiko jika ɗari huɗu.
Alhaji Tanimune ya ba da siminti buhu talatin
da sharaɗin sunansa ya hau allo, daga sama.
Gari ya ba da yashi da direba da man da ya rage.
Ginshiƙi ya tashi, ya gaza da kamu uku
ga wanda aka zana. To, ya dai tashi.

Saura sunaye. Mai sassaƙa harafi-harafi yake ƙirgawa,
jika guda kowane, dutse bai san zumunta ba.
Ya sara godiya ga majalisa, ya sara Alhaji,
ya sara Nomau, Jadi, Bizo, Ganda, Alka, Tsalha,
ya ajiye guduma, ya ce kuɗi sun tsaya nan.
Ƙasan allo fili fetal, faɗin tafin hannu.

Na kwana juyi. Albashina wata biyu bai fito ba.

Da safe Hajo mai albasa, wadda kullum
sai ta zage ni kafin ta kwance bakin zane,
ta ce, "Kai, ɗan tike, sunan tsohon nan harafi nawa?"
Na ce bakwai. Ta ce, "Na farkon nawa ne.
Uwata ta sha ruwan da suka tono kafin waccan."
Mai gishirin Bilma ya ɗauki na biyu.
Mahauta suka haɗa biyu. Ƴan amalanke ɗaya,
da tsaba, har da dala-dala da suka yi baƙi.
Wani mai raƙumi daga arewa, baƙo ne ga zancen,
ya tambaya, ya yi shiru, ya miƙo jika.
Na ƙarshen, zakarana ya biya.

ABARSHI. Ya ɗan karkace, wurin ya yi kaɗan.

Ran buɗewa an yi jawabi, an karanta
abin da gari ya kashe, har hayar kujeru.
Jika bakwai ɗin nan ba sa cikin kundi,
ba wanda na yanka wa tike a kansu.

Yanzu in na biyo ta mararrabar da jakata
nakan tarar da Hajo tsaye. Ba ta yi boko ba,
amma ta san nata, na farko, mai kama da bukka.
Ta ɗora yatsa a kai, ta share shi da bakin gyale,
sannan ta juyo ta ce tikena ya yi tsada.