Zalɓe a Tsakar Gida

Shekara arba'in ina tsaye a gindin kwalekwale,
gora a hannu, Kwara na hauka a ƙarƙashina,
daga Yawuri zuwa tsallake, da albasa, da awaki, da masu jego,
ko hulata ban taɓa jiƙawa ba.
Sai ga shi bara, wata Laraba da hantsi,
a kan busasshen daɓe, tsakanin randa da ƙofar ɗaki,
ƙasa ta fizge ni kamar mai bin bashi.

Ba santsi, ba igiyar ruwa, ba dorina.
Buta ce kawai ta riga ni isa ƙasa.
Tumba ta saki ludayi tana salati,
ni kuwa ina kwance ina kallon kaji daga ƙasa.
Ashe haka zakara yake da tsawo.

Wata uku na yi zaman turmi.
Ƙugu ya warke, tsoro bai warke ba,
ya shiga gwiwa ya shimfiɗa tabarma.
Salla a zaune, alwala a zaune,
in zan ƙetare dokin ƙofa sai na yi shawara da bango.

A asibiti wata yarinya, Ladidi, sa'ar jikata,
ta ce, Baba, ɗaga ƙafa ɗaya.
Na ce, biyun ma ba su ishe ni ba,
ke kuma za ki rage mini?
Ta ce, zaman ne yake cin ka, ba shekaru kaɗai ba.
Na yi shiru, don na san maganar tun kafin a haife ta:
jirgin da aka ja tudu aka manta
rana ce ke tsaga shi, ba ruwa ba.

To, kullum bayan asuba, kafin a hura wuta,
nakan dafa katanga da yatsu uku,
in naɗe ƙafar hagu, in fara ƙirga.
Ran farko a huɗu na tsaya,
gidan duka ya yi tangaɗi kamar an cika masa lodi.
Ige ta ja mini layi da gawayi daga rijiya zuwa rumbu,
in bi shi, diddige na sumbatar yatsa,
ita ce alƙali, kuma ba ta karɓar toshiya.
Sannan kujera: in tashi, in zauna, in tashi,
hannuwa a ƙirji, ba dafa gwiwa,
sau takwas, gwiwar tana ƙara kamar tsohon ƙyaure.

Nomau ya leƙo ta kan danga, ya ce,
Arzika, tsufa ya mai da kai zalɓe?
Na ce, ka taɓa ganin zalɓe ya faɗi?
Ya tafi yana dariya da sandarsa.
Bayan sati biyu na ji ana ƙirga a bayan dangar,
da murya ƙasa-ƙasa, kamar mai satar karatu.

Ban koma yaro ba, kada a yi mini ƙarya.
Akwai safiyar da jiri ke riga ni tashi,
in koma in zauna, in bar masa ranar.
Amma Juma'ar da ta wuce na tsaya a sahu,
kafaɗa da kafaɗa, na yi ruku'u, na ɗago da kaina,
ba wanda ya lura, sai ni da Mai sama.

Da la'asar na taka har bakin ruwa, ba sanda.
Yara na ɗaure jirage, ba wanda ya ce in hau, ban ce ba.
Can cikin burgu na hango shi, fari-fari, ƙafa ɗaya,
ko gezau.
Na dafa turken jirgi, na naɗe tawa, na saki turken.
A goma sha bakwai na sauke.
Shi yana nan.
Na ce masa, gobe ma rana ce.