Tukunyar Asabar

Shekara sha tara ina kuku a Filato,
gidan Madan Odil, bayan mangwaro biyu.
Asabar ce ranar naman giya.

Da hantsi nake dawowa daga Ƙaramar Kasuwa
da naman wuya, mai jijiya, wanda mahauta ke turewa gefe,
da albasar Galmi cike da kwando.
In yanka, in yanka, har idona ya koma gauta.
In ta narke, ta ɗauki launin ƙasar Adar,
sai Madan ta miƙo kwalba mai hoton raƙumin dawa.
In juye, fuskata na kallon taga.
Kumfa ta taso, ta yi tsaki, ta kwanta.

Sai jira.
Wuta ƙasa-ƙasa kamar muryar mai gulma.
In yi azahar a gareji, in dawo,
murfi na nan yana gunaguninsa.

Madan ta ce, Nomau, wuta tana kore maye.
Na ce, to, Madan.
Ludayin dai bai taɓa sanin hanyar bakina ba.

Da kunne na koyi dafa ta.
Ɓul-ɓul da sauri, da sauran aiki.
In ta soma numfashi da nauyi, irin na tsoho a kan tudu,
romo ya kama jikinsa, a sauke.
Komlan mai gadi, mutumin Togo, shi ne harshena.
Ya lasa, ya lumshe ido ya ce ƙara gishiri,
in ƙara, ko da na san neman lasa ta biyu yake.

Baƙi sun sha kirana falo suna tafi.
Ina tsaye, hannu a baya,
ana yabon abin da ban san daɗinsa ba,
kamar makaho da aka ce ɗansa kyakkyawa ne.

Bara Madan ta koma ƙasarsu.
Ta bar mini tukunyar ƙarfen, mai nauyin jariri.
Na wanke ta da toka sau bakwai,
na aza ta kan gawayi a Bukoki.

Naman wuya, albasa.
A gurbin kwalba, ruwan tsamiya,
daddawa rabin dunƙule saboda ɗan ɗacin nan da hancina ya haddace,
da sukari ƙonanne a bakin cokali.
Haɓsu na ta leƙe tana cewa gawayi na ƙarewa,
wane irin nama ne ba ya nuna har la'asar?

Da murfi ya soma numfashin tsoho
na ɗauki ludayi, na waiwaya.
Babu Komlan.
Na hura, na kai baki.

Ko haka take, ko ba haka take ba,
babu wanda zan tambaya.
Haɓsu ta suɗe yatsa ta ce yaji ya yi kaɗan,
ta tashi ɗauko barkono.