Mai Awon Rake

Shekara ashirin da biyu a Báguanos
babana Dagoberto ke zama bakin ma'auni.
Kafin amalanken rake ya gama tsayawa
ya riga ya faɗi nauyinsa,
akawu bai ko lashi fensir ba.

Ƙafa ce ta fara tawaye.
Yana tafe kamar ana janye masa tabarma,
matan layinmu suka ce giya ce tun da safe.
Shi da bai taɓa kai kwalba baki ba!
Kakata Eulalia ma haka aka ce da ita,
da ƙaninta, da wanda ya haife su.
Gidanmu ba a bar gona ba,
tangaɗi aka raba mana gado.

Na zaci a ƙafa zai tsaya, da nauyin harshe.
Ba wanda ya ce mini zai haura kai.

Jiya ya ce shi zai dafa gahawa.
Ya san ruwa, ya san gari, ya san wuta,
kowanne ya kira shi da sunansa,
amma wa ke gaba, wa ke biye?
Ya ɗora tukunya a bushe,
ya tsaya riƙe da cokali
kamar wanda ya sauka a tashar da ba tasa ba.
Idanunsa suka taso za su zo gare ni,
sai da wuyansa ya juyo ya taya su.

Bai manta ni ba.
Likita ta ce zaren da ke ɗinke abu da abu ne ke warwara.

Da yamma ana domino a gindin mangwaro.
In Baba ya aza shida kan huɗu
Osniel yakan kau da kai, ya nemi ashana.
Baba na ganewa. Nan ciwon yake.

Akwai takarda mai sunana a asibitin Holguín,
tun watan Maris aka ɗibi jinina.
Rabi da rabi, in ji su.
Ban je karɓa ba.

Da dare nakan bi tsagar simintin tsakar gida,
dunduniya na taɓa yatsa,
ina ƙirga baya daga ɗari, bakwai bakwai.
Casa'in da uku. Tamanin da shida.
Daga ɗaki, da muryar nan mai jan ƙafa,
Baba ya ce, "Saba'in da tara, Yunaisi."
Ya daɗe shiru.
"Sai kuma nawa?"