Abin da Ido Bai Gani Ba

A Bagega na ga ƙanƙane ya kā da ƙato.
Dutse muka niƙa a tsakar gida,
a turmin da ake dakan gero,
muna neman zinari cikin garinsa.
Ƙurar ta sauka kan tabarma, kan bakin tulu,
kan yatsun da Tumba take tsotsa.
Ba wanda ya ce mata bari,
don ba mu gani ba.

Dalma ce, in ji likitoci.
Amai tukuna, sai jijjiga,
sai idon da ya daina bin fitila.
Daga baya aka kankare ƙasar gidan da shebur,
aka zuba sabuwa.
Ita ko shekara biyu ba ta cika ba.

Jiya Lawwali ɗan ƙanena ya dawo daga Gusau,
jaka cike da takardu, baki cike da zance.
Ya ce, "Baba, ana kiranta fasahar nano.
Tsaga silin gashi gida dubu,
ɗauki ɗaya, girman ƙwayar ke nan.
A ƙulle magani cikinta kamar ƙullin daddawa,
ta bi jini, ta wuce gida gida,
ba ta sallama sai a ƙofar ciwo,
ba ta taɓa inda ba a aike ta ba.

"A sa ta a matacin ruwa,
ta cafke dalma kamar mayen ƙarfe da allura.
A ɗiga jini kan 'yar takarda,
kafin koko ya huce launi ya faɗi gaskiya."
Na tuna kwana tara da muka yi jiran sakamako.
Na kau da kai. Bai lura ba.

Na ce, yaro, zauna.
Ɗan aiken nan naka, in ya sauke saƙo,
ina yake kwana? Hanta? Ƙoda?
Matacin da ya ƙoshi da guba,
a wace bola za a yar,
da akuya ba za ta tona ba?
Nawa ne? Buhun gero nawa?
Wa zai kawo shi ta hanyar Anka,
wadda direba ba ya bi in la'asar ta yi,
zuwa ɗakin shan magani
da firjinsa ya zama ma'ajiyar takardu?

Ya sosa ƙeya.
"Wani an sani, wani ana kan bincike,
wani kuwa, Baba, ban sani ba."

Nan ya saye ni.
Masu sayen zinari da suka zo da injin niƙa,
ko ɗaya bai taɓa cewa bai sani ba.

Je ka karanta, Lawwali.
Auna ta, sake auna ta,
ka zo da ita in ta nuna, ba ɗanya ba.
Ga ƙanen Tumba can bakin randa,
ya ɗaga moɗa da hannu biyu.
Ruwan garau yake, kamar na wancan shekara,
ni kuwa garau bai ƙara ruɗa ta ba.